Yadda Ake Bin Sawun Mujiya da Zoben Ƙafa

Kowa ya san shamuwa. In ka ga ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, ka san damina ta ƙarato, in ruwa ya ɗauke kuma sai ka neme ta ka rasa. Tafiyarta a fili take, da rana tsaka, ido na gani. Mujiya kuwa sai duhu ya shiga take tashi, ba ta tafiya a garke, fiffikenta kuma ba ya ƙarar da kunne zai ji. Za ta iya ratsa saman garinku shekara da shekaru ba wanda ya san ta wuce. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar kowace mujiya 'yar zaman gida ce, inda aka ƙyanƙyashe ta nan za ta ƙare. Wasu haka ɗin suke. Amma akwai 'yan cin rani a cikinsu, masu cin ɗaruruwan kilomita, wasu ma dubbai, kuma abin da ya tona asirinsu ɗan zoben alminiyam ne wanda da ƙyar ya kai nauyin ƙwayar gyaɗa.

Dabarar ta daɗe. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Cornelius Mortensen, shi ya fara ta a 1899. Ka kama tsuntsu, ka sa masa zobe mai lambar da babu wani tsuntsu mai irinta, ka rubuta rana da wuri, ka sake shi. Ran da wani ya sake kama shi, ko ya tsinci gawarsa ya karanta lambar, an samu ɗigo biyu a taswira. Duk wahalar da zan zayyana nan gaba, don wannan ɗigo na biyu ake shan ta.

Zan kwatanta aikin da wata 'yar ƙaramar mujiya ta dazukan Kanada da arewacin Amurka, wadda suke kira so-wet, wai don wani kukanta ya yi kama da ƙarar zarto in ana wasa shi. Masana na ce mata Aegolius acadicus. Tsawonta wajen santimita 20 ne, nauyinta kamar na kurciya. A watan Oktoban 1906 wata guguwa ta hallaka tsuntsaye masu ƙaura a Tafkin Huron da ke tsakanin Kanada da Amurka, kuma a cikin gawarwakin da ruwa ya turo gaɓa har da irin wannan mujiya fiye da ashirin. Me zai kai tsuntsun da ba ya tafiya tsakiyar tafki? A 1911 masana biyu, Taverner da Swales, suka rubuta cewa lallai tana ƙaura, amma sai bayan shekaru masu yawa zobe ya raba gardamar. Yau akwai tashoshin sa zobe fiye da 100 a ƙarƙashin wata haɗaka mai suna Project Owlnet, wadda David Brinker ya kafa a 1994, suna wannan aiki kowace kaka.

Kafin ka taɓa raga

Matakin farko takarda ce. A Amurka doka ta hana kama tsuntsun daji mai ƙaura ba izini, kuma ofishin da ke ba da izinin da zoben shi ne Bird Banding Laboratory, wanda aka kafa a 1920. A Birtaniya ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO ce ke riƙe da wannan. A ƙasashen Afirka da dama ana amfani da zoben SAFRING, wata cibiyar sa zobe da ke birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Ba a sayen zobe a kasuwa, ba a kuma ba maƙeri ya ƙera. Zoben da lambarsa ba ta cikin rajistar wata cibiya, ko an tsince shi ba wanda zai ce ga inda ya fito, ka ga an wahalar da tsuntsu a banza.

Izinin kuma ba ya samuwa sai da koyo. Kamar yaron maƙeri za ka zauna, ka fara da riƙe littafi da ɗaukar jaka, ka ga yadda gwani yake cire tsuntsu daga raga sau ɗari kafin a bari ka cire ɗaya. Wanda yake Nijeriya yana son wannan fanni, ƙofar da ta fi kusa ita ce cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos.

Wuri da dare

Ana neman wurin da ƙasa ke tattara matafiya. Ƙaramar mujiya ba ta son ƙetare ruwa mai faɗi in tana da zaɓi, sai ta bi gaɓa, saboda haka tsinin ƙasa da ya shiga cikin tafki ko teku yakan zame mata mashigi. Abin da ya sa wurare irin su Whitefish Point a bakin Tafkin Superior, da Long Point a lardin Ontariyo na Kanada, da Cape May a jihar Niyu Jasi suka yi suna ke nan. Dogon tsauni mai daji shi ma yana yi. A cikin wurin kuma sai ka zaɓi inda bishiyoyi suka yi duhuwa a ƙasa, don so-wet ba ta sakin jiki a sarari.

Lokaci yana bin arewa da kudu. A Ontariyo tun ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ake cin kasuwar, a jihar Fensilbaniya ta Amurka ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, can kudu wajen jihar Bajiniya kuma sai Nuwamba ta yi nisa. Daren da aka fi so shi ne mai sanyi, mai duhu, wanda iska ta kwanta ko take ɗan busowa daga arewa. Farin wata yana rage kamu. In ana ruwa, ko iska tana kaɗa raga, a naɗe a tafi gida. Mujiyar da ta jiƙe a raga cikin sanyi tana iya mutuwa, kuma babu lambar da ta kai ranta.

Kafa raga da kiran yaudara

Ragar ta siririn baƙin zare ce, wadda in an shimfiɗa ta a duhuwa ido ba ya ganinta. Tsawon kowace mita 12, tsayinta wajen mita biyu da rabi, faɗin idonta milimita 60. Igiyoyi biyar ne suka ratsa ta a kwance, tsakanin kowace biyu ragar ta ɗan yi ciki kamar aljihu, aljihu huɗu ke nan. In tsuntsu ya buga, sai ya zame ya kwanta a aljihun. Ka share layin da ragar za ta bi tun da rana, ka cire duk reshe da ƙayar da za ta kama zare, ka kafa sanduna ka ɗaure su da igiya. Aljihun ƙasa kada ya taɓa ƙasa ko da tsuntsu na ciki. Galibi ana jera raga uku zuwa shida, a miƙe ko a gicciye, kuma inda ka kafa su bana nan za ka kafa su baɗi. In ka riƙa sauya wuri da yawan raga, ba za ka taɓa sanin ko mujiyoyi ne suka ƙaru ko kai ne ka ƙara tarko ba.

A tsakiyar ragogin ake ajiye lasifika. Tana maimaita kiran namiji na neman mata, wani fito mai sauti ɗaya, tu-tu-tu-tu, kusan biyu a daƙiƙa, ba tsayawa har a tashi aiki. Wannan dabara a 1986 aka fara ta a jihar Wiskonsin, kuma ita ta sauya komai. Kafin nan sai a kwana ana gadin raga a samu ɗaya ko biyu, da aka kawo lasifika kamu ya ninka sau da yawa, har wuraren da ake cewa babu wannan mujiya aka tarar tana ratsa su kowace shekara. Ana buɗe raga bayan faɗuwar rana da kamar rabin awa, a kunna kira, a rubuta lokacin, sannan kowa ya koma nesa inda ba za a ga haskensa ba.

Sauran kaya ba su da yawa: tocilar goshi, jakunkunan yadi masu zariya, igiyar zobba, filaya ta musamman mai rami daidai girman zoben, rula mai tokari a baki, ƙaramin sikeli mai auna giram, tocila mai hasken nan da ake duba jabun kuɗi da shi, da littafi da fensir. Fensir na ce, don biro yana ƙin rubutu a sanyi da raɓa.

Zagaye

Kowane minti 30 zuwa awa ɗaya ake duba raga, in sanyi ya tsananta a rage tazarar. Ka bi kowace raga daga sanda zuwa sanda, kana haska aljihun sama da na ƙasa, don abin da ka ɗauka busasshen ganye ne yana iya buɗe idanu rawaya biyu ya zuba maka. Ka kuma kasa kunne. Akwai wata babbar mujiya mai zane a ƙirji a waɗannan dazuka wadda ke cin ƙananan, kuma ita ma tana jin lasifikar. In ta zo ta tare a kusa, ko dai mutum ya tsaya gadi a bakin raga, ko a rufe.

Cire tsuntsu shi ne inda ake gane gwani. Abu na farko, ka gano ta wane gefe ta shigo, domin ta nan kawai za ta fita. Ka buɗe aljihun, ka nemi cikinta, wanda shi ne ya shiga ƙarshe kuma babu zare a kansa. Ka kama ƙafafun biyu a saman gwiwa, yatsanka ɗaya a tsakaninsu. Mujiya ba ta cika sara da baki ba, makaminta farce ne, tsininsa kamar allura, kuma in ta damƙe ba ta saki da wuri. Daren da na fara cirewa na saki ƙafa ɗaya don in gyara zare, kafin in ankara farata huɗu sun nutse a babban yatsana. Wanda ke koya mini bai ce in fizge ba, ya ce in tsaya cak, ya zo ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Da na fizge, da na ƙara wa kaina rauni, mai yiwuwa ita ma na ji mata ciwo.

Bayan ka warware zaren daga yatsunta, sai fiffike ɗaya, ka zame zaren ta kan gaɓar kamar mai cire wa yaro hannun riga, sai ɗayan, kai a ƙarshe. Ba a ja, ba a gaggawa. In zare ya sarƙe ya ƙi, ka yanke shi, raga ana ɗinke ta. Kowace mujiya jakarta daban, a ɗaure baki, a rataye, kada a ajiye a ƙasa inda wani zai taka.

A kan tebur

Kafin komai ka duba ƙafafu biyun. Gashi ya rufe ƙafar so-wet har yatsu, zobe yana iya ɓuya a ciki. In akwai zobe, to, daren ya biya. Ka karanta lambar da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita maka, ka sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko, sannan ka ɗauki hoto. Ba a cire shi, ba a ƙara wani. Lamba ɗaya in ta kuskure, an jingina tafiyar wannan tsuntsu ga wani can daban, kuma ba mai iya gyarawa bayan ta tashi.

In babu, sai ka zaro na gaba a igiya. Zobban a jere suke bisa lamba, kada ka tsallake. Zobe ake fara sawa kafin awo, don in ta kuɓuce ta tafi da shaidarta. Ka buɗe shi, ka zagaya ƙwaurin da shi, ka kawar da gashi, ka matse da filaya a hankali, ka juya ka sake matsewa har bakin biyu su haɗu ƙyam, ba rata, ba hawa kan juna. Gwajinsa shi ne ya juya ya kuma yi sama da ƙasa ba tare da ya zame ta kan yatsu ba. Manyan mujiyoyi, masu ƙarfin bakin da zai buɗe zobe, nasu mai harshe ne da ake lanƙwasawa ya kulle.

Sai awo. Ka tura rula ƙarƙashin fiffike a naɗe, gaɓar ta tokare bakin rula, ka karanta inda gashi mafi tsawo ya ƙare, ba tare da ka danne shi ba. Ka auna wutsiya. Ka shafa ƙashin ƙirji da yatsa ka ji ko da tsoka ko ya yi kaifi, ka hura gashin hammata ka ga ko da kitse. Nauyi kuma, ana zura ta da kai cikin ɗan gwangwani a ɗora a sikeli. Duhun ciki yana kwantar mata da hankali, daƙiƙa kaɗan an gama.

Namiji da mace kamarsu ɗaya a ido. Bambancin a girma yake, kuma macen ce babba, kamar yadda yake a yawancin tsuntsaye masu farauta. Namiji yakan tsaya wajen giram 75, mace takan kusanci 100. Akwai jadawalin da ke haɗa nauyi da tsawon fiffike ya ba ka jinsi, sai dai akwai na tsakiya waɗanda jadawalin ba ya yanke musu hukunci. Irin waɗannan ka rubuta ba a tantance ba. Cika gurbi da zato ya fi barinsa fanko ɓarna.

Shekaru a fiffike ake karanta su, kuma nan ne wurin da na fi so a duk aikin. A kashe fitila, a buɗe fiffiken, a kare idanun tsuntsun da hannu, a haska ƙasan gashin da tocilar nan ta duba kuɗi. Sabon gashin mujiya yana ɗauke da wani sinadari da ke ƙyalli a wannan haske, sai ka ga fiffiken ya kama ruwan hoda mai haske kamar an zuba masa zoɓo. Sinadarin yana dusashewa in gashi ya tsufa. 'Yar bana duk gashinta lokaci guda ya fito, saboda haka fiffiken gaba ɗaya zai yi jawur bai ɗaya. 'Yar bara ta sauya gashin bakin fiffike da na kusa da jiki, ta bar na tsakiya, sai ka ga ja, fari-fari, ja. Wadda ta haura haka za ka ga launi hawa uku a cakuɗe. Mutum ya tsaya cikin sanyi da tsakar dare, abu kamar dunƙulen hannu yana kwance a tafinsa, zuciyarta na bugawa a yatsunsa, tarihin shekarunta kuma a rubuce a fiffike, ba ya rasa cewa Allah mai iko.

Duk wannan bai kamata ya wuce 'yan mintoci ba.

Saki

Idonta ya sha haske, kada ka jefa ta sama. Ka kai ta nesa da raga, ka kashe tocila, ka tsaya da ita a duhu kamar minti biyar, sannan ka ɗora ta a reshe ko a damtsenka. Wata nan take za ta tashi, wata sai ta zauna tana juya kai. Ka bar ta ta zaɓi lokacinta, amma kada ka tafi sai ka ga tashinta.

Littafi, da yadda ake karanta shi

Ban da bayanin kowane tsuntsu, kowane dare yana da nasa layi: ƙarfe nawa aka buɗe, ƙarfe nawa aka rufe, raga nawa, iska, sanyi, gajimare, wata. Daren da ba a kama komai ba shi ma a rubuta shi, da cikakken bayaninsa. Dalili kuwa, ba yawan kamu ake kwatantawa ba, kamu ake rabawa da wahalar da aka sha. Misali, raga 4 sun yi awa 5 a buɗe, awar raga 20 ke nan. In an kama mujiya 6, sai a ce 30 a kowace awar raga 100. Da wannan ne tasha mai raga uku za ta iya gwada kanta da mai raga goma. A ƙarshen kaka a aika komai cibiya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tasha ɗaya ba abin da za ta sani sai cewa mujiyoyi sun wuce. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗanda aka sa wa zobe ake sake gani, amma in tashoshi ɗari suna aiki iri ɗaya shekara ashirin, wannan kaɗan ɗin yakan taru ya yi magana. A 2011 wasu masana biyu, Beckett da Proudfoot, sun tattara bayanan sa zobe fiye da 81,000 na gabashin nahiyar. Suka ga kamu yana gangarowa kudu kamar goshin ruwa, kowane mataki ya fi na arewa da shi jinkiri. Cikin waɗanda aka sake kamawa a wani wuri a kaka ɗaya, ƙasa da kashi 9 cikin 100 ne suka nufi arewa. Waɗanda aka sake kamawa a wata shekara kuma, kashi 72 cikin 100 suna kan hanyar da suka bi a baya.

Littattafan tashoshi sun kuma nuna cewa shekaru ba ɗaya ba ne. Kusan kowace shekara huɗu akan samu ambaliyar mujiyoyi, yawancinsu 'yan bana. Tushen abin a dajin arewa yake: shekarar da itatuwa suka yi iri da yawa ɓeraye sukan yawaita, mujiyoyi su ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa su raine su, kaka na yi sai matasan su kwararo kudu. Wanda ya yi shekara biyu kacal yana aiki, ya faɗa kan ambaliya sannan ya faɗa kan shekarar ƙamfa, zai rantse tsuntsun ƙarewa yake.

Akwai tarko uku a karatun nan. Na farko, layin da ka ja tsakanin ɗigo biyu ba shi ne hanyar da ta bi ba. A ce an sa mata zobe ran 10 ga Oktoba, an sake kama ta ran 9 ga Nuwamba, kilomita 300 kudu. Lissafi zai ba ka kilomita 10 a dare. Amma tana iya yin sati biyu a daji ɗaya tana farauta, sannan ta cinye rabin tafiyar a dare biyu. Abin da zobe ya ba ka mafi ƙarancin nisa ne da mafi ƙarancin sauri. Na biyu, inda babu tasha babu ɗigo, saboda haka taswirarka tana nuna inda masu raga suke kamar yadda take nuna inda mujiyoyi suke. Na uku, mafi yawan waɗanda ke faɗawa raga mata ne. Yana iya zama kiran namiji ne ya fi jan mata, yana iya zama mazan sun fi tsayawa arewa kusa da wurin sheƙa, yana iya zama duka biyun. Irin waɗannan giɓi ne suka sa yanzu ake ɗaura wa wasu 'yar na'urar rediyo, wadda hasumiyoyin wani tsarin bin sawu mai suna Motus ke ji in tsuntsun ya gifta. Na'ura tana da tsada kuma batirinta na mutuwa. Zobe yana nan muddin ƙafar na nan.

In zobe ya faɗo hannunka a nan gida

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin muna zaune a ƙarshen wata hanyar. Akwai ƙaramar mujiya mai tukkun kunne, Otus scops, da ke ƙyanƙyasa a kudancin Turai, irin su Sifen, Italiya da Girka. In kaka ta yi, da yawansu sukan ƙetare Bahar Rum da Hamada su zo cin rani a yankinmu na kudu da Sahara. Launinta na ɓawon itace ne, ba ta cika kuka a nan ba, ga ta kuma da 'yar'uwa ta gida mai kama da ita ƙwarai, shi ya sa ba a lura da ita. Ƙwari ne yawancin abincinta. Ita kuwa farar mujiyar nan mai fuska kamar faranti, da ke kwana a silin da tsofaffin gine-gine, ba ta cikin masu doguwar tafiya, kuma ɓeran da take kwashewa a dare ɗaya alheri ne ga mai rumbu. Ina faɗin haka ne don na san yadda muke da mujiya: in ta fito da rana tsuntsaye su taru a kanta, yara su bi da dutse, manya su ce mugun abu ce. Halitta ce kamar sauran, tana neman abincinta.

Turawa suna sa zobe da yawa, amma rahoton da ke komawa daga wajenmu kaɗan ne. Manomi, mafarauci, masunci a fadamun Haɗeja da Nguru ko bakin Tafkin Chadi, su ne suka fi kowa damar cin karo da shi, a ƙafar mujiya ko ta wani tsuntsun. Ba laya ba ce, ba kuma kayan leƙen asiri ba ne, ko da yake a Masar a 2013 an taɓa tsare wani babban tsuntsu mai ƙaura saboda na'urar bincike da aka gani a jikinsa.

In tsuntsun yana da rai, kada ka cire zoben. Ka lulluɓe shi da zane, ka riƙe ƙafafun, ka juya zoben kana ɗaukar hoto har ka zagaye shi, sannan ka sake shi da magariba. In matacce ne, ka cire zoben, ka buɗe shi ya miƙe, ka adana. Ka kwafe duk abin da ke jiki, haruffa da lambobi da sunan gari. Za ka iya ganin London, ko Paris, ko Radolfzell, ko Sempach, wannan shi ke nuna cibiyar da ta ba da shi. Ka rubuta ranar da ka same shi, sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, in da hali ka ɗauki lambobin wurin daga taswirar wayarka. Ka faɗi yadda aka same shi, ko a tarko, ko mota ta buge, ko harbi, gaskiyar abin ake so, ba tuhuma ake yi ba. Ka haɗa da hoton tsuntsun, ko da fiffike ne kawai ya rage.

Zoben Turai ana kai rahotonsa a shafin ring.ac na EURING, haɗakar cibiyoyin sa zobe na Turai, na SAFRING a shafinsu, wanda intanet ta yi wa nisa kuma ya nemi wani malamin sashen nazarin halittu a jami'a mafi kusa ya tura masa. Ko zoben ya yi shekaru a cikin gwangwanin kakanka, ka tura, ka ƙiyasta shekarar ka ce ƙiyasi ne. Cibiyar takan maido amsa da irin tsuntsun, da garin da aka sa masa zoben, da ranar, da kilomita nawa ke tsakanin can da inda ka tsince shi.